Yadda Ake Gane Shekarun Dutse da Amonayit: Jagora Ga Ɗalibai da Malaman Kano

Duk mai haƙar rijiya a Gwammaja ya san abin da ke ƙarƙashin unguwar: ka wuce jar ƙasa, ka ci karo da marmara, ka shiga ruɓaɓɓen dutse mai yashi-yashi, daga nan sai dutse mai taurin da diga ba ta cinsa. Wannan na ƙarshe giranit ne da danginsa, irin wanda ake fasawa a kwari a yi tsakuwar kankare. Narkakken dutse ne da ya huce can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, saboda haka babu halittar da ta taɓa kwanciya a cikinsa har ta bar alama. Dala da Goron Dutse kuwa, abin da ya rufe kansu marmara ce mai tama, wadda maƙeran farko suka zo nema. Ita ma ba ta ɗauke da abin da muke magana a kai. Na fara da wannan ne don kada wani ɗalibi ya saɓa guduma ya hau Dala neman amonayit, ya yi aikin baban giwa.

Sai dai amonayit ya daɗe da shigowa Gwammaja ta bayan gida. Duk gidan da aka gina da simintin Ashaka, a jikin bangonsa akwai dutsen da aka haƙo daga kwancen wani tsohon teku a jihar Gombe, aka ƙona, aka niƙa, da amonayit ɗin da ke ciki da komai.

Amonayit sunan wata halittar teku ne da ta ƙare tun kafin ɗan Adam ya taka doron ƙasa. Danginta da suka rage yau sun haɗa da oktofus mai hannuwa takwas, da wata mai ɓawo da ake kira notilus. Ita amonayit tana zaune a cikin ɓawo naɗaɗɗe, wanda siraran bangaye suka raba cikinsa ɗaki-ɗaki. Naman yana ɗakin ƙarshe, na bakin ƙofa. In ta ƙara girma sai ta matsa gaba, ta yi sabon bango a bayanta. Ɗakunan da ta bari iska ce a ciki da ɗan ruwa, wani siririn bututu ya ratsa su, da shi take daidaita nauyinta don kada ta nutse. Sun bayyana kimanin shekara miliyan 400 da suka wuce, suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, lokaci guda da dinoso, sa'ad da wani ƙaton dutse daga sama ya faɗo a yankin Yukatan na Meziko. In ɗaya ta mutu, ɓawon ya kwanta a ƙasan teku, laka ta cika ɗakunan, wata lakar ta hau kai. Da tafiya ta yi tafiya lakar ta zama dutse, ɓawon kuma galibi ya narke. Ke nan abin da kake tsinta yau lakar ce da ta ɗauki siffar cikin ɓawon.

Sana'ar tana tsaye a kan ƙa'ida biyu. Ta farko, a dutsen da ya kwanta shimfiɗa-shimfiɗa, ta ƙasa ta girmi ta sama, muddin ba a kifar da wurin ba. Ibn Sina ya yi bayanin yadda teku ke zuwa ya janye ya bar shimfiɗa a kan shimfiɗa a cikin Kitabus Shifa, Biruni kuma ya kafa hujja da ɓawon halittun ruwa da ake tonowa a rijiyoyi cewa hamadar Larabawa teku ce a da. Nicolas Steno ya tsara ƙa'idar a Turai a 1669. Ta biyu, kowane zamani da irin halittunsa, kuma nau'in da ya ƙare ba ya dawowa. William Smith, wani mai awon hanyoyin ruwa a Ingila, shi ya lura da haka a ramukan da yake sa a haƙa, har ya fitar da taswirar duwatsun ƙasarsu a 1815. A shekarun 1850 wani Bajamushe, Albert Oppel, ya raba duwatsun zamanin Jurasik gida 33, mafi yawa da amonayit.

Me ya sa amonayit, alhali akwai kawa da kifi da sauransu? Ɗauki tsohuwar katangar ƙasa da ta faɗi a cikin birni. In ka sami wuri a cikin tubalinta, bai gaya maka komai sosai ba, don an yi ɗaruruwan shekaru ana ciniki da wuri. In anini mai huji ka samu, ka san ba a yi katangar kafin zuwan Turawa ba. In kuwa tsabar da aka rubuta kobo a jikinta ce, to ba a cuɗa ƙasar nan kafin 1973 ba. Kuɗin da ya fi ba da labari shi ne wanda ya bazu ko'ina amma bai daɗe ana kashe shi ba. Kawa ita ce wuri, kamanninta kan daɗe ba su sauya ba. Amonayit kuwa yana sauya siffa da sauri, wani nau'in bai kai shekara miliyan ɗaya ba ya ba wani wuri, ga shi yana yawo a teku daga nahiya zuwa nahiya, ga yawa, ga sauƙin ganewa da ido.

To, ina za ka same shi? Kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce ruwan teku ya cika ya ratsa Sahara, daga arewacin Afirka ya bi ta Nijar, ya gangaro ta kwarin Gongola da Binuwai ya haɗe da tekun kudu. Tudun Kano bai riƙe komai daga wannan teku ba. Lakarsa tana Damargu, wajen Tanut a Nijar, tana kuma Gombe: Ashaka kusa da Bajoga, da Pindiga, da Gongila. Wuri na biyu shi ne ƙasar Sakkwato, inda teku ya sake shigowa daga baya, gab da ƙarewar amonayit, ya bar lakar Dukamaje a yankin Wurno da Goronyo. Ga ɗan Kano mai koyo, Gombe ta fi, don amonayit ɗin can ya fi yawa kuma jerinsa a bayyane yake.

Lokacin zuwa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, kaka zuwa hunturu, sa'ad da damina ta wanke kwazazzabai ta fito da sabuwar fuska. Kayan aikin ba su da yawa, kuma kusan duk za ka same su a kasuwar Ƙofar Ruwa: guduma ta magina, cizal babba da ƙarami, tef na awo, tabarau na kare ido, hular kwano in kwari za ka shiga. Ƙara da littafi mai kauri, fensir, maka, tsofaffin jaridu, ledoji, da ɗan ruwan lemon tsami a kwalba. Kafin ka taɓa dutse ɗaya nemi izini. Kwarin Ashaka wurin aikin kamfani ne, ana tayar da nakiya, manyan motoci na zirga-zirga, ba a shiga sai da takarda da ɗan rakiya. A ƙauye kuma ka fara zuwa gaisuwa wurin mai gari, ka faɗi abin da ya kawo ka, don baƙo mai guduma da jaka ana iya ɗaukarsa mai neman ma'adini a ɓoye. Ka kuma tambayi halin tsaron hanya, musamman gabashin Sakkwato.

Yanzu ga aikin kansa. Nemi wurin da dutse ya tsage ya nuna cikinsa: bangon kwari, gefen kwazazzabo, ko gaɓar rafi. Da ka isa, ajiye guduma tukuna. Ja da baya ka ƙare wa bangon kallo har idonka ya fara raba shimfiɗun. A Ashaka za ka ga dutsen siminti mai kauri a ƙasa, shi kamfani ke ɗiba, a samansa kuma laka mai ruwan toka da ke ɓarewa falle-falle, da siraran shimfiɗun dutse suna ratsa ta. Sauka can ƙasa ka fara lissafi daga gindi. Shimfiɗar farko lamba 1, ta samanta lamba 2, haka har sama. Kowace ka auna kaurinta da tef, ka rubuta launinta, da tauri ko laushinta. Kankare ɗan gari daga jikinta ka ɗiga lemon tsami. In ya yi 'yar kumfa dutsen siminti ne, in ya yi shiru laka ce ko yashi. Zana dukkan bangon a littafinka a tsaye, shimfiɗa kan shimfiɗa, ka ɗauki alamar wurin da wayarka. Wannan zanen shi ne rabin aikin, kuma shi ne ɗalibai suka fi ƙyuyar yi.

Sai ka bi shimfiɗun ɗaya-ɗaya kana neman lanƙwasa. Galibi gefen naɗin ne kawai ke leƙowa daga jikin dutse, wani ɗan baka mai santsi da ya bambanta da abin da ke kewaye da shi. Ɗauki hotonsa a inda yake, da tef a gefensa. Kafa cizal nesa da shi kamar faɗin yatsa uku, ka riƙa bugawa a hankali kana zagaya shi, har dunƙulen ya saki da kansa. Garaje ba ƙarfi ba ne. Wanda ya sari jikin amonayit kai tsaye zai tashi da gutsattsari. Da ya fito, tun kafin ka miƙe, rubuta lambar shimfiɗar a jikinsa da maka, ka yagi takarda ka rubuta sunan wurin, lambar shimfiɗa, kwanan wata da sunanka, ka naɗe su tare a jarida, ka sa a leda, ka sake rubuta lambar a bayan ledar. Kada ka ce za ka tuna. Bayan na goma duk sun zama iri ɗaya a kanka.

A gindin bango za ka tarar da waɗanda suka gangaro da kansu, kuma sau da yawa su ne mafiya kyau, cikakku, ruwa ya wanke su tas. Tsintar dami a kala, in ji mai ganin farko. Ɗauka, amma ware musu leda dabam ka rubuta "tsintuwa". Ba ka san daga wace shimfiɗa suka faɗo ba, saboda haka ba su da bakin ba da shaida. A ganina ɓallin amonayit da aka cire daga shimfiɗa mai lamba ya fi cikakke goma da aka tsinta a ƙasa daraja. Kada kuma ka tsaya kan guda ɗaya a shimfiɗa. Tara da dama, manya da ƙanana, har da fasassu, don fasasshe ne ke nuna naɗin ciki, watau kamannin halittar tana ƙarama.

A gida, ruwa da tsohon buroshin haƙori sun isa, sai allura ta cire lakar da ta maƙale. Wanda ya fito daga laka mai laushi kada ka jiƙa shi, zai ruguje. Ban da asid, ban da fenti, ban da man sa ƙyalli.

Kafin ka nemi sunansa, tabbatar amonayit ne. Dodon koɗi naɗinsa yana hawa sama ya yi tsini, cikinsa kuma rami ɗaya ne ba ɗakuna. Amonayit naɗinsa a kwance yake, gefen dama daidai da na hagu, ko da yake akwai 'yan tsiraru da suka saɓa wa wannan. Babbar shaida ita ce zanen ɗinki: inda kowane bangon ciki ya haɗu da ɓawo yana barin layi a jikin dutsen, mai lanƙwashe-lanƙwashe da ƙananan yatsu. Jiƙa wurin da ɗan ruwa, ka karkata shi ga hasken rana, za ka ga layukan sun fito jere. Bi guda ɗaya da fensir mai tsini daga cibiya, watau ramin tsakiyar naɗin, zuwa baya, sannan ka kwafe shi a takarda. Kowane dangi da irin ɗinkinsa.

Daga nan sai kallo uku. Kwantar da shi ka dubi cibiya, ramin da ke tsakiyar naɗin: a buɗe take har kana ganin naɗin ciki, ko naɗin waje ya rufe ta sai ɗan huji? Tsayar da shi ka dube shi ta baki: dunƙulalle ne ko shafaffe, bayansa kuma a zagaye yake, ko mai kaifi, ko mai tozo? Sai ka shafa jikinsa: sumul yake, ko yana da haƙarƙari da ƙulu-ƙulu? Auna faɗinsa, da kaurinsa, da faɗin cibiyar, ka rubuta.

Da waɗannan za ka iya gane manyan baƙin Gombe. A can ƙasa akwai Nigericeras gadeni, mai haƙarƙari da ƙulu tun yana ƙarami, in ya girma ya yi sumul. An fara bayyana shi ne daga Damargu, a aikin Bafaranshe René Chudeau na 1909. A samansa sai Vascoceras cauvini da 'yan'uwansa, masu zagayayyen baya da ɗinki marar yawan yatsu, wasunsu dunƙulallu sosai. Gaba kaɗan sai Thomasites gongilensis, mai sunan Gongila, wanda Henry Woods na Kambirij ya bayyana a 1911 cikin littafin J. D. Falconer kan duwatsun Arewacin Nijeriya. Sai Pseudotissotia nigeriensis, shafaffe mai ƙaramar cibiya da tozo uku a baya, wanda ya cika wasu shimfiɗun maƙil. A can sama sai Wrightoceras wallsi. Wannan jerin ba ya juyawa. In ka je wani rafi a Pindiga ka sami Pseudotissotia a shimfiɗa, ka san warin shimfiɗar sama-sama ce ta Ashaka, ko da launin dutsen ya bambanta, kuma in kana neman Nigericeras ƙasa za ka yi. Haka ake ɗinke wuri da wuri har a haɗa da Damargu, da Masar, da Tunisiya, da Fotugal, da Birazil, duk inda dangin Vascoceras suka kai.

Lura da kyau, har yanzu ba mu ambaci adadin shekara ba. Amonayit yana faɗa maka wa ya girmi wa, da wa ye tsaran wa, amma ba ya ƙirga. Ƙirgen daga wani wuri yake zuwa. In dutse mai aman wuta ya fashe, tokarsa kan kwanta a teku tsakanin shimfiɗu, a cikinta kuma akwai ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da yuraniyom ko fotasiyom, waɗanda ke rikiɗa zuwa wani sinadarin a kan ƙa'idar lokaci sananniya. A auna nawa ya rikiɗa, a san shekarun tokar. Kusa da garin Pueblo a jihar Kolorado ta Amurka an yi sa'a, ga amonayit ga toka a bango guda. Can masana suka amince a kafa iyaka tsakanin zamanin Senomaniyan da na Turoniyan, a daidai shimfiɗar da Watinoceras devonense ya fara bayyana, tokar wurin kuma ta ba da shekara miliyan 93.9. Abin da ya rage shi ne a sami nau'in da ya zauna can ya zauna nan. Akwai shi: Pseudaspidoceras flexuosum, na farkon Turoniyan a yammacin Amurka, an same shi a Ashaka. Ta wannan gada adadin ya iso Gombe. Masu cewa da gwajin kabon ake yin wannan aiki sun yi kuskure, don kabon ba ya wuce shekara 50,000 ko makamancin haka.

Kada ka zaci malaman fannin ba sa saɓani. W. Barber na hukumar binciken duwatsu ta Nijeriya, a aikinsa na 1957, ya sa amonayit ɗin yankin a farkon Turoniyan. Daga baya Christian Meister na Siwizalan da Peter Zaborski, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka bi Ashaka shimfiɗa-shimfiɗa, aka gane na ƙasan na ƙarshen Senomaniyan ne. A wace shimfiɗa iyakar ta faɗa daidai, nan ma an ja. Abin da ya ba da damar gyaran shi ne lambar shimfiɗa da aka riƙa rubutawa.

Akwai tarko da dama. Vascoceras na da yawan kamanni, 'yan nau'i ɗaya wani siriri wani dunƙulalle, har aka taɓa raɗa wa nau'i guda sunaye barkatai. Shi ya sa na ce ka tara da yawa. Wani lokaci ruwa kan tono tsohon amonayit ya sake binne shi a sabuwar laka. Irin wannan za ka gan shi a goge, gefensa ya cinye, ko abin da ke cikinsa ya saɓa da dutsen da ke kewaye da shi. Wani lokaci kuma teku kan janye, shimfiɗun wani zamani su ɓace gaba ɗaya, ka ga jerin ya yi tsalle.

Babban tarkon yana Sakkwato. A lakar Dukamaje akwai Libycoceras, faifaitacce mai kaifin baya, shaidar ƙarshen zamanin amonayit, kuma a wannan yanki ne aka tono ƙasusuwan Goronyosaurus, ƙatuwar dabbar ruwa mai sunan Goronyo. Amma in ka je Kalambaina, inda ake ɗibar dutsen simintin Sakkwato, za ka sami naɗaɗɗun duwatsu masu ɗakuna ka rantse amonayit ne. Dubi ɗinkin. Za ka ga layi ne mai lanƙwasa sauƙaƙa ba yatsu, bututun kuma ta tsakiyar bango ya bi, alhali na amonayit ta gefen baya yake bi. Dangin notilus ne, su da suka tsira. Dutsen Kalambaina ya kwanta ne bayan shekara miliyan 66 ɗin nan, amonayit ya riga ya ƙare.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala? Mai neman dutsen siminti, da mai neman ruwa, da mai neman mai, duk suna bukatar sanin a wace shimfiɗa suke da abin da ke ƙarƙashinta. Rijiyar Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe, inda aka sanar da samun mai a 2019, cikin wannan kwari na Gongola take. Gaskiya ne bakin injin haƙa yana niƙe amonayit, don haka a rijiya da ƙananan halittun da sai da madubin ƙara girma ake gani ake aiki. Amma su ma jerinsu da na amonayit ake gwada shi a wurare irin Ashaka, inda ake samunsu tare.

Abin takaici, da yawa daga samfuran da aka yi waɗancan rubuce-rubuce a kansu suna gidan adana kayan tarihin halittu na Landan, yaranmu kuwa a allo kawai suke jin labarin. Ga kuma kwari kullum ana ci, bangon da aka auna bara bana ya shiga buhu. Malaman labarin ƙasa na makarantun Gwammaja da Dala da kewaye, ku rubuta wa kamfanin takardar neman izini, ku nemi sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Bayero ko na Ahmadu Bello su haɗa ku da wanda ya san wurin, ku kai ɗalibai ko da sau ɗaya ne a shekara. Abin da kuka samo ku raba biyu, kashi ɗaya ya zauna a makaranta yara su riƙa taɓawa, ɗayan ku miƙa wa jami'a tare da takardunsa da kwafin zanen bangon.